Intabiyun Aikin Fasaha: Me Ake Aunawa, Kuma Wace Amsa Ce Ke Samun Maki?

A shekarar 2025 manyan kamfanonin fasaha sun ba masu neman aiki umarni iri biyu masu cin karo da juna. An ruwaito cewa Amazon ya gargaɗi jami'ansa na ɗaukar ma'aikata cewa wanda aka kama yana amfani da ƙirƙirarriyar basira ta AI a lokacin intabiyu ba tare da izini ba, ana iya soke sunansa. Shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce za a dawo da aƙalla zama ɗaya na ido da ido, domin a tabbatar mutum ya san tushen aikin da kansa. Canva kuwa ya sanar da cewa yana so injiniyoyin da ke neman aiki a wurinsa su yi amfani da AI ɗin a gaban masu yi musu tambaya, Meta ma ya fara gwada irin wannan tsari. Abin da wani kamfani ke kira maguɗi, wani na kiransa gwaninta.

Wannan ya jefa masu shirin intabiyu cikin ruɗani, musamman masu neman aikin injiniyan manhaja da na manajan haja. Sai dai a ƙarƙashin wannan saɓani akwai abin da dukan kamfanonin suka tafi a kai: mai tambaya yana neman hujjar da zai rubuta a takardar maki, wadda wasu mutane da ba su taɓa ganin mai neman aikin ba za su karanta su yanke hukunci. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin yawancin tambayoyin, har da waɗanda ba a ƙirƙiro ba tukuna.

Ayyukan da ake magana a kai

Injiniyan manhaja shi ne mai rubuta kodin, wato umarnin kwamfuta da manhaja ke tafiya a kansa, ya gyara idan ya lalace, ya tsara yadda zai ɗauki mutane da yawa ba tare da ya tsaya ba. Manajan haja, wanda ma'aikatan fannin ke kira PM a taƙaice, shi ke tsayar da abin da za a gina, don wa za a gina shi, da wanda za a fara da wanda za a jinkirta. Haja a nan tana iya zama manhaja sukutum, ko shafin intanet, ko wani ɗan ɓangare kawai kamar wurin biyan kuɗi.

Ana danganta asalin aikin da wata takarda da Neil McElroy ya rubuta a kamfanin Procter & Gamble a 1931, inda ya nemi a riƙa naɗa mutum guda da zai ɗauki alhakin kowace haja daga talla har zuwa ciniki. Kamfanonin kwamfuta sun ɗauki tunanin suka sake masa fasali, kuma a 2002 Marissa Mayer ta kafa shirin horar da matasan manajojin haja a Google. Shi kansa Pichai a matsayin manajan haja ya shiga kamfanin a 2004.

Abu ɗaya ya bambanta wannan aiki: manajan haja ba shi ne ogan injiniyoyin da ke gina abin da ya zaɓa ba. Ba ya ɗaukarsu, ba ya korarsu, ba ya ƙara musu albashi. Sai dai ya gamsar da su. Shi ya sa tambayoyinsa suka cika da batun saɓani, da lallashi, da yadda ake cewa a'a.

Daga wasa ƙwaƙwalwa zuwa takardar maki

A shekarun 1990 Microsoft ya yi suna da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, irin su me ya sa murfin ramin magudanar ruwa na kan titi yake da siffar da'ira. Google ya gaji salon, ya riƙa tambayar ƙwallon golf nawa zai cika jirgin sama. Tunanin shi ne mai kaifin basira zai fito fili ko da bai san fannin ba. A 2013 Laszlo Bock, wanda ke shugabantar sashen kula da ma'aikata na Google a lokacin, ya shaida wa jaridar New York Times cewa sun bincika sun gano waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne, ba sa nuna wanda zai iya aiki, amfaninsu kawai su sa mai tambayar ya ji shi mai wayo ne.

Masana halayyar ma'aikata sun daɗe da isa wurin. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekara 85 kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata. A ma'aunin da ke nuna yadda hanya ke hasashen ƙwazon mutum a aiki, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 1, intabiyu mai tsari, wato wanda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a auna amsoshi da ma'auni ɗaya, ya samu 0.51. Wanda ake yi kamar hira ya samu 0.38, yawan shekarun aiki kuwa 0.18 kacal. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa sun sake lissafin, suka nuna an ƙara wa alƙaluman farko gishiri ta hanyar wani gyaran lissafi. A sabon lissafin intabiyu mai tsari ya sauko 0.42, amma shi ne ya zo na ɗaya, yayin da na hira ya faɗi zuwa 0.19.

Akwai abu biyu da mai neman aiki zai ɗauka a nan. Na farko, dalilin da ya sa mai tambaya ke ta rubutu ko buga kwamfuta yana sauraro, wani lokaci ba ya ko ɗago kai, shi ne yana cike guraben takardar maki. Na biyu, 0.42 yana da nisa da 1. Hanya mafi inganci da aka sani ma tana yawan kuskure, kuma manyan kamfanoni sun fi yarda su rasa ƙwararre a kan su ɗauki wanda zai zame musu nauyi. Ƙin ɗauka a zama ɗaya ba cikakken hukunci ba ne a kan iyawar mutum.

Hukuncin ma ba mai tambaya kaɗai ke yankewa ba. A Google kwamiti ne ke karanta rahotannin masu tambaya. Kamfanin ya taɓa bayyana cewa zama 4 sun isa a yi hasashen hukuncin da tabbacin kashi 86 cikin 100, abin da ya sa ya rage dogon jerin zama da yake yi a da. A Amazon akan sa wani ma'aikaci daga wajen sashen da ke neman mutum, wanda ake kira Bar Raiser, aikinsa ya tabbatar gaggawar cike gurbi ba ta sa an sassauta ma'auni ba. Duk amsar da ba za a iya rubuta ta ta yi ma'ana ga wanda ba ya ɗakin ba, ta ɓace a hanya. Fara'a da iya magana suna taimakawa a ɗakin, amma kaɗan ne daga cikinsu ke isa takarda.

“Ba ni labarin wani lokaci da…”

Wannan ce tambayar da ta fi kayar da ƙwararru, domin sukan ɗauke ta hira ce kafin a shiga ainihin jarrabawa. Tushenta shi ne abin da mutum ya aikata a baya ya fi abin da ya ce zai aikata nuna halinsa. Amazon ya fi kowa dogaro da ita. Yana da ƙa'idojin shugabanci 16, bayan ƙarin 2 da ya yi a 2021, kuma akan raba wa masu tambaya ƙa'idojin, kowa ya nemo hujja a kan nasa.

Tsarin amsa da ya fi yaɗuwa shi ne STAR, wanda kamfanin DDI ya fito da shi a shekarun 1970: a faɗi yanayin da ake ciki, da nauyin da ke kan mai magana, da matakin da ya ɗauka, da abin da ya biyo baya. Tsarin ba shi da wahala. Inda ake kuskure shi ne rabon lokaci. Mutane da yawa suna ƙarar da mafi yawan mintunansu wajen bayanin kamfaninsu da tarihin aikin, sai su dunƙule matakin da suka ɗauka cikin jimla ɗaya, alhali nan ne makin yake.

A ɗauki tambayar saɓani da shugaba. Wani zai ce sun samu bambancin ra'ayi kan ranar fitar da manhaja, suka zauna suka fahimci juna, komai ya tafi daidai. Mai tambaya ba shi da abin rubutawa. Wani kuma zai ce shugabansa ya so a fitar da sabon wurin biyan kuɗi kafin ƙarshen wata, shi kuma ya lura gwajin da aka yi bai haɗa da tsofaffin wayoyi ba. Ya ciro bayanan da suka nuna yawan masu irin waɗannan wayoyi cikin masu biyan kuɗi, ya kawo shawarar a fara sakar wa kashi 5 cikin 100 na masu amfani. Shugaban ya amince da hakan amma ya ƙi ɗage ranar. An saki, aka gano matsala a rana ta biyu, aka gyara kafin ta isa ga sauran. Wannan amsa tana da zaɓi, da hujja, da abin da aka samu da abin da ba a samu ba. Ko da shugaban ne ya yi daidai a ƙarshe, labarin yana da maki, domin ana auna yadda mutum ke jayayya da yadda yake bin hukuncin da bai so ba.

Bayan labarin sai tambayoyin bin diddigi: me ya sa ka zaɓi wannan hanya, wace ka bari, wa ya ƙi amincewa, da za a sake me za ka canza. Ƙagaggen labari yakan tsaya a tambaya ta farko, ya yi rawa a ta biyu, ya rushe a ta uku, domin mai ƙirƙira bai san hanyoyin da aka bari ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa haddar amsoshin wasu ba ta da riba.

Akwai kuma batun “mun yi” da “na yi”. Wanda ya taso da cewa yabon kai jahilci ne yakan ɓoye kansa cikin tawaga, ya riƙa cewa mun gano, mun gyara. Mai tambaya kuwa mutum ɗaya zai ɗauka, kuma ba zai iya ba da maki a kan aikin da bai san na wane ne ba. Mafita ita ce a rarrabe: abin da tawaga ta yi a ce tawaga ce, wanda abokin aiki ya kawo a ce shi ne, wanda mai magana ya yi da hannunsa ya ce shi ya yi. Masu tambaya da yawa suna ƙara maki ga wanda ya ba wani haƙƙinsa, suna kuma lura da wanda ya mayar da aikin mutum goma nasa shi kaɗai.

Tambayar gazawa ma haka take. Amsar da ta ce raunina shi ne ina son aiki fiye da kima ta tsufa, kuma mai tambaya yana jinta a matsayin kauce wa tambaya. Ana neman gazawa ta gaske wadda mai magana ke da hannu a ciki, da abin da ya canza a aikinsa bayan nan.

Masu sukar wannan salo suna cewa yana fifita gwanayen ba da labari, da waɗanda suka fito daga manyan kamfanoni inda ake auna komai da alƙaluma, kuma yana wahalar da wanda ke amsawa da harshen da ba nasa ba. Masu kare shi suna cewa hirar da ba ta da tsari ta fi muni, domin a nan ne mai tambaya ke ɗaukar wanda ya yi kama da shi. Binciken da aka ambata ya fi goyon bayan na biyu, ko da yake bai share ƙorafin na farko ba. A aikace, labarai na gaske 6 zuwa 8 da mutum ya san ciki da wajensu sukan isa, domin labari ɗaya yana iya amsa tambayar saɓani, da ta gaggawa, da ta kuskure. Wanda bai taɓa aikin ofis ba yana iya kawo aikin makaranta, ko na sa kai, ko manhajar da ya gina wa kansa.

Tambayoyin manajan haja

Meta yakan raba intabiyun wannan aiki gida uku: fahimtar haja, nazarin alƙaluma da aiwatarwa, sai shugabanci. Wasu kamfanoni suna canza sunaye, amma abin da ake nema kusan ɗaya ne.

Tambayar fahimtar haja takan zo a buɗe, misali a tsara manhajar taswira domin tsofaffi. Tarkon shi ne a fara jero abubuwan da za a saka: manyan haruffa, murya, maɓallin gaggawa. Kowa zai faɗi waɗannan. Amsa mai maki takan fara da tambaya: me kamfanin ke so ya cimma, sababbin masu amfani ko riƙe na da? Sannan a raba tsofaffin, domin mai tuƙi da mai tafiya a ƙafa da wanda 'ya'yansa ke kira masa mota buƙatunsu daban ne. A zaɓi rukuni ɗaya a faɗi dalili. A fito da matsalarsa mafi zafi, wataƙila tsoron ɓacewa a wurin da bai sani ba ya fi ƙanƙantar rubutu damunsa. Sai a kawo mafita biyu ko uku, a ɗauki ɗaya, a faɗi abin da aka sadaukar, a rufe da yadda za a san ta yi aiki. Mai tambaya ba ya riƙe da amsar da ta dace a aljihunsa. Yana kallon ko mutum zai iya zaɓa ya kare zaɓinsa.

An ƙirƙiro tsare-tsaren amsa irin wannan tambaya, wanda ya fi shahara shi ne CIRCLES na Lewis Lin. Ra'ayi ya rabu a kansu. Masu horar da masu neman aiki suna cewa tsari yana hana mutum ɓacewa idan tsoro ya kama shi. Masu tambaya da dama kuwa suna ƙorafin cewa sun ji jerin matakan sau ɗaruruwa, kuma suna gane mai karanto hadda daga jimlar farko. Dukansu suna da gaskiya. Tsarin yana ɗaga amsa mai rauni zuwa matsakaiciya, amma ba ya kawo abin lura ɗaya da ya fito daga sanin mutane, wanda shi ne ke raba matsakaiciya da mai kyau.

Tambayar ma'auni ta fi tsauri. Idan aka ce da me za ka auna nasarar haja, alƙalamin da ya fi sauƙin gani yakan zama tarko. YouTube misali ne da ya isa. Da farko yawan kallo ne ke ɗaga bidiyo, abin da ya ƙarfafa masu sa hoto da take na yaudara don a danna. A 2012 kamfanin ya koma fifita tsawon lokacin da mutane suka ɗauka suna kallo. Saboda haka amsa mai kyau takan kawo ma'auni babba ɗaya, ta haɗa shi da wani mai tsaro. Idan ana auna yawan saƙonnin sanarwa da aka buɗe, a kuma auna yawan waɗanda suka kashe sanarwar gaba ɗaya.

'Yar'uwarta ita ce tambayar faɗuwa: amfani da manhaja ya ragu da kashi 10 cikin 100 a mako guda, me za ka yi? Mai gaggawa zai fara kawo mafita. Mai natsuwa zai fara tambayar ko lissafin ne ya lalace, domin sau da yawa abin da ke ƙirga bayanan ne ya samu matsala. Sannan ko faɗuwar ta zo lokaci ɗaya ko a hankali, a ƙasa ɗaya ko ko'ina, a Android ko iPhone, ga sababbi ko tsofaffin masu amfani, bayan sabuntawa ko lokacin hutu. Kowace tambaya tana yanke rabin zato. Ana kuma son jin cewa mutum zai gwada kafin ya yarda da ra'ayinsa, ta hanyar gwajin A/B, inda ake nuna wa wasu tsohon fasali wasu sabo a kwatanta. Ronny Kohavi, wanda ya jagoranci irin wannan gwaji a Microsoft, ya bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ra'ayoyin da aka gwada suka inganta abin da aka yi su dominsa.

Tambayar ƙiyasi, irin su motocin haya nawa ke aiki a babban birni, ta rage amma ba ta mutu ba. Ana danganta salon da masanin kimiyya Enrico Fermi, wanda a gwajin bam ɗin nukiliya na farko a 1945 ya saki guntayen takarda, ya ƙiyasta ƙarfin fashewar daga nisan da iska ta kai su. Lambar ƙarshe ba ta da muhimmanci sosai. A faɗi zato a fili, a yi lissafi mai sauƙi, a duba ko sakamakon ya yi kama da hankali.

Kodin a gaban mai kallo

Ga injiniya, zaman da ya fi shahara shi ne a ba shi matsalar algoridim, wato tsara matakan da kwamfuta za ta bi ta yi wani aiki, ya warware cikin minti 45 ko makamancin haka. Dandalin LeetCode, wanda aka kafa a 2015, ya zama wurin atisaye, har mutane ke warware ɗaruruwan matsaloli kafin su nemi aiki. Abin da ake ba wa maki ya wuce kodin ɗin da ya yi aiki. Ana so mutum ya maimaita matsalar da kalmominsa, ya tambayi iyakokinta, ya faɗi hanya mai sauƙi ko da mai nauyi ce, ya inganta ta, ya bayyana yadda lokacin aiki zai ƙaru idan bayanai suka ninka, sannan ya gwada da kansa da jerin da babu komai a ciki ko mai abu ɗaya. Wanda ya yi shiru na minti 20 ya fito da amsa daidai yakan samu ƙasa da wanda ya yi tunani a fili ya kusa kammalawa. Karɓar ishara daga mai tambaya ma ba faɗuwa ba ce, ana rubuta yadda mutum ya yi amfani da ita.

Sukar wannan salo ta daɗe. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiro Homebrew, manhajar saka wasu manhajoji a kwamfuta da ɗimbin injiniyoyi ke amfani da ita, ya bayyana cewa Google ya ƙi ɗaukarsa bayan ya kasa warware wata matsalar algoridim a farin allo, maganar da ta zama abin misali. A 2020 wani bincike na Jami'ar Jihar North Carolina tare da Microsoft ya nuna cewa ƙoƙarin waɗanda aka sa wa ido suna warware matsala ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da waɗanda suka yi su kaɗai, abin da ke nuna ana auna jure fargaba tare da iya kodin. Mahalarta binciken ba su da yawa, amma sakamakon ya dace da abin da injiniyoyi suka daɗe suna faɗi. Masu kare salon suna cewa jarrabawa ce da kowa ya san siffarta, wadda marar digiri daga fitacciyar jami'a zai iya shirya mata ya ci. Madadinta, wato aikin da ake ba mutum ya yi a gida, ya fi kama da aiki na gaske, amma yana cin sa'o'i ba biya, kuma ya fi nauyi ga mai iyali ko mai wani aikin.

Ga manyan injiniyoyi akwai zaman tsara babban tsari, misali yadda za a gina manhajar aika saƙo ga miliyoyin mutane. Nan ma zaɓi ake nema. Adadin masu son wani hoto yana iya makara na 'yan daƙiƙoƙi ba wanda ya cutu, don haka a fifita sauri. Kuɗin da ke asusun mutum ba ya jure wannan, don haka a fifita daidaito ko da za a jira. Wanda ya jero sunayen fasahohi ba tare da faɗin me ya sa ba, bai ba da abin rubutawa ba.

Abin da AI ta canza

An saki ChatGPT, manhajar AI mai amsa tambayoyi, a ƙarshen Nuwamban 2022, a daidai lokacin da Meta ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ya sanar da sallamar 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma ya ce tasa ta kai 18,000. Masu nema suka yi yawa, kuma kowa ya samu kayan aikin da zai rubuta masa CV, ya tsara masa labarin STAR, ya warware matsalolin algoridim da aka saba cikin daƙiƙoƙi. Har manhajoji aka ƙera masu ɓuya a allon kwamfuta suna raɗa amsa a lokacin intabiyun bidiyo.

Masu hanawa suna cewa dole a ga tushen ilimin mutum, domin wanda bai fahimci kodin ba ba zai gane lokacin da na'ura ta yi kuskure ba. Masu yarda suna cewa tunda da AI za a yi aikin, da ita ya kamata a yi gwajin, sai dai a ƙara wa matsalar sarƙaƙiya, a kalli yadda mutum ke rarraba ta, da yadda yake bincika abin da aka rubuta masa. Hanyoyin sun bambanta amma sun haɗu a wuri ɗaya: amsar da aka goge ta yi sumul ta rage daraja, tambayar bin diddigi ta ƙara nauyi. Amfani da AI wajen atisaye kafin ranar ba a cika hana shi ba. A cikin zaman kuwa ƙa'idar kamfanin ce ke aiki, kuma tambayar jami'in ɗaukar ma'aikata tun kafin ranar ba ta rage maki.

Su ma kamfanoni suna tace masu nema da na'ura. A 2018 Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace CV bayan an gano tana rage wa mata maki, saboda ta koya daga takardun shekarun baya waɗanda yawancinsu na maza ne. Birnin New York ya fara aiwatar da doka a Yulin 2023 da ke wajabta binciken son kai a irin waɗannan manhajoji da sanar da masu nema. Dokar AI ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, ta sa tsarin ɗaukar ma'aikata cikin rukunin masu babban haɗari. A wuraren da babu irin wannan doka, mai nema ba shi da hanyar sanin ko mutum ya ga takardarsa.

Albashi da mataki

Tambayar nawa kake samu yanzu ita ma doka ta fara shiga cikinta. Jihar Massachusetts ta Amurka ta zartar da dokar hana ta a 2016, wasu jihohi suka bi. Colorado ta wajabta rubuta iyakar albashi a tallar aiki daga 2021, Kalifoniya daga 2023. Umarnin Tarayyar Turai na 2023 kan bayyana albashi ya hana tambayar tarihin albashi, ya kuma ba ƙasashe zuwa Yunin 2026 su mayar da shi dokarsu. Dalilin shi ne wanda aka fara biya ƙasa da ƙima yakan ja wannan giɓi daga aiki zuwa aiki. Inda tambayar ta halatta, mai nema yana iya mayar da ita ta hanyar tambayar iyakar da aka ware wa gurbin, ko ya faɗi abin da yake tsammani bisa nauyin aikin. Wannan ya fi shafar mai neman aiki daga nesa, domin wasu kamfanoni suna biya gwargwadon inda mutum yake zaune, wasu kuma gwargwadon aikin.

Sai dai a manyan kamfanoni albashi yana rataye ne da mataki, kuma matakin a cikin intabiyu ake tsayar da shi, tun kafin a zo maganar kuɗi. Kowane mataki yana da iyakar albashi da hannun jarin da ake ba wa mai shi. Idan labaran mutum duk sun tsaya a kan aikin da aka ba shi ya kammala, za a sa shi a matakin mai karɓar umarni ko da ya shekara 10 a fannin. Idan sun nuna ya gano matsalar da ba wanda ya aike shi, ya jawo wasu sassa, ya ɗauki alhakin sakamako, kwamiti yana da hujjar ɗaga shi. Ciniki bayan an ba da takardar ɗauka yana iya motsa albashi a cikin iyakar matakin, amma da wuya ya canza matakin kansa.